Randar Hilda

Titus mai gadin tashar jirgin ƙasa ne tun shekarar da layin dogo ya iso Gombe. Daga Kaltungo ya taho da matarsa Hilda, suka kama ɗaki biyu a Pantami lokacin rabin unguwar gonaki ne. Mutum ne mai rowar magana, in ka gaishe shi sau uku ka ci sa'a ya amsa ɗaya. Surutun gidan duk na Hilda ne. Maginiyar tukwane ce, tana gini tana waƙar coci, tana yi wa kaji faɗa kamar suna jin ta.

Ta rasu a shekarar ƙarin albashin Udoji, lokacin da kowa ke rububin sayen rediyo da bokitin roba. Ɗansu tilo, Bernard, yana aiki a Legas, ana gama makoki ya koma. Aka bar Titus da kaji da randar da Hilda ta gina ta ƙarshe, mai sawun yatsunta a wuya.

Hilda ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba, wai kunya. Da shekara ta zagayo, Titus ya lura fuskarta tana kuɓuce masa. In ya rufe ido yana ganin ɗankwalinta da tsagen kumatunta, amma hanci da baki sun ƙi zuwa. Abin ya tsorata shi ƙwarai, ga shi babu wanda zai faɗa wa.

Sai ya je bakin kwarin da take ɗiban yumɓu, ya ciko buhu don ya gina fuskarta. Tsawon zamansu tana aiki yana gefe, bai taɓa tambayar yadda ake yi ba, don a wajensu ginin tukunya na mata ne. Kan da ya fara mulmulawa ya fito kamar kabewa. Ya shanya shi a rana, ya tsattsage. Na biyu ya sa a wuta, ya fashe da ƙara har kaji suka watse.

Goggo Yelwa, maƙwabciyarsa mai sayar da tukwane, ta leƙo ta katanga.

"Baban Bernard, gunki za ka fara da tsufanka? Me fasto zai ce?"

"Hilda ce, Goggo."

Goggo ta ce, "Allah sarki. To, yumɓu zalla ba ya jure wuta. Ka daka tsingaron tsohuwar tukunya ka kwaɓa da shi, ka rarake cikin kan, ka busar a inuwa. Haka marigayiya take yi."

Tsingaro kuwa ga shi birjik a kowace bola. Amma Titus ya ce a ransa ba zai gina fuskar matarsa da tarkacen bola ba, abin hannunta ne ya dace da ita. Ya juye ruwan randar a bokiti, ya shafa sawun yatsun nan, sannan ya ɗaga taɓarya.

Wannan karon kan ya fito daga wuta lafiya lau. Ya ɗora shi a taga, kullum da safe sai ya gaishe shi, shi da gaisuwa ke yi wa wuya. Wata rana ya ga ita ce sak, wata rana ya yi shakka. Ya ƙosa Bernard ya zo ya raba gardama.

Da Kirsimeti Bernard ya iso, da wando mai faɗin ƙafa da rediyo a hammata. Bayan sun gaisa ya dubi taga ya yi dariya.

"Baba, wannan kuma wa?"

Bernard bai ma jira amsa ba, ya ɗauki moɗa ya nufi lungun da randa take. Babu komai sai bokitin roba da gurbin gindinta a ƙasa.

"Tun daga Legas nake marmarin ruwan randar Mama. In na sha sai in ji kamar tana gidan. Ina kuka mai da ita, Baba?"

Titus ya ɗaga hannu a hankali ya nuna taga. Bernard ya matsa, ya leƙa ta saman kan yumɓun, yana neman randa a tsakar gida.