Saƙonnin Baba Huhu

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Karatuna a firamare ya tsaya, kuma ina tsoron in ba ku dariya a kan mamaci ya zama na ɗauki alhaki. Sai da na tambayi liman har ya gaji da ni, ya ce, "Hamisu, rubuta, alheri za ka faɗa." To, bismillah.

Duk wanda ya zauna a unguwar Fereej Abdel Aziz a nan Doha ya san Malam Sabi'u mutumin Funtuwa, mai gadin wani bene a Muntaza, wanda muke kira Baba Huhu. Ba ya amsa magana sai ya lumshe ido, ya ja iska ta hanci har cikinsa ya taso, ya sake ta a hankali. Ko saƙon murya zai turo a waya, haka yake farawa. Ka kara a kunne ka ji shuuu, shuuu, ka ɗauka wayarka ce ta lalace.

"Baba, data kake ƙona mana!" in ji Isiyaku direba.

"Iskar dai kyauta ce. Ja tare da ni, sarkin gaggawa."

Kun tuna ranar da mai ya kama wuta a kicin ɗinmu? Isiyaku na ihu, ni ina salati ina neman fasfona. Baba ya shigo, ya tsaya, ya lumshe ido. Wallahi wuta na ci, mutumin nan yana jan numfashi! Sannan ya ɗauki murfi ya rufe tukunyar. Ɗif.

"Ita ma numfashi take yi," ya ce. "Na hana ta."

Ranar gwajin lafiya kuwa, wani likita Bakano ya ɗora masa abin sauraren ƙirji ya ce ya ja numfashi. Baba ya ja, ya riƙe. Likita ya gama, ya koma kujera, ya ɗago ya ga idon Baba ya yi ja.

"Subhanallahi! Baba, saki mana!"

"Likita, ja ka ce. Ban ji ka ce saki ba."

Ni kuwa kun san halina. In na kulle ƙofa sai na dawo na taɓa ta. In kafil, wato ubangidana na wurin aiki, ya kira, kafin in ɗauka na riga na kori kaina daga aiki. Wata rana da azahar ina tuƙa motar ma'aikata a Mu'aither, ƙirjina ya ɗaure. Na gangara gefen titi, na tabbata ajali ne. Na kira Baba, bai ɗauka ba, yana bakin aiki. Na bar masa saƙo cewa mutuwa nake. Can sai ga saƙo. Shuuu, shuuu. Ban iya tsallake farkon ba don yatsana ya ƙi tsayawa, sai na tsinci kaina ina bin sa. Da ya ja in ja, da ya saki in saki. Daga ƙarshe ya ce:

"Ɗana, ba mutuwa kake ba, khalas, shi ke nan. Sha ruwa. In za ka dawo ka sayo mana albasa."

Na sayo albasar.

Tun daga ranar, duk sanda abin ya taso min, saƙon nan nake kunnawa kafin in tayar da mota. Da shi na riƙe aikina. Baba ya rasu bayan gajeriyar jinya, muka kai shi makwancinsa a nan Doha. Allah Ya ji ƙansa, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya shaƙar da shi ƙamshin Aljanna, kamar yadda ya yalwata mana ƙirazanmu.

Watan jiya wayata ta faɗi ta mutu, mai gyara ya ce komai ya tafi. Ina gwada jan numfashin ni kaɗai, amma sauri nake yi, sai na ji shi nake iya sassautawa. Shekaranjiya na sake gangarawa gefen titi da mutane cike a mota.

Don Allah 'yan'uwa, ku duba wayoyinku. Duk mai sauran saƙon Baba, ko na cigiyar silifas ne, ya same ni bayan sallar Juma'a. Kada ku yanke farkon. Shi nake nema.