Huda Ɗaya a Labulen Direba

A gyara zama, a kife wayoyi. Ga mai girma Baba Mai Duhu, mutumin da rana ke hango shi ta sake hanya. Tsawonsa bai wuce na firij ba, tabaraunsa ma da zare aka ɗaure ƙafarsa ɗaya, amma shekara talatin ya yi a ɗakin wankin hoto, inda ɗigon haske guda kan ƙone hotunan biki sukutum. Da waya ta kashe sana'ar, sai ya sayi keken ɗinki ya koma yin labule a wani lungun kasuwa. Duhun dai bai bari ba, shago kawai ya sauya.

Mijin 'yarsa direba ne, motar kamfanin biredi yake ja tun dare har gari ya waye. Da rana ya kamata ya yi barci, to tagar ɗakinsa gabas take kallo, rana kuwa kamar a kan filonsa take fitowa. Sau biyu yana gyangyaɗi a kan sitiyari. A na biyun, farkawa ya yi ya ga hancin motar cikin shingen mutane. Manaja ya ce masa, a na uku ba sai an yi magana ba, ya ajiye makulli a kan tebur.

Gogan naku direba ya shiga kasuwa ya yanko yadin da ya fi kowane baƙi, ya kafe shi da ƙusoshi. Ɗakin bai yi duhu ba, toka-toka ya yi, ga zafi kamar tandar kamfaninsu. Matarsa ta ce, "Ka je wajen Baba mana." Kwana uku yana jan ƙafa, don wa zai tsaya gaban surukinsa ya ce barci ya gagare shi? Da ya tuna makulli, ya tafi.

Baba ya karɓi baƙin yadin, ya fita bakin shago, ya rufa shi a fuska, ya ɗaga kai sama.

"Ina ganin rana, har da tsuntsun da ya gifta," ya ce. "Rariya ka saya."

Haka ya bi nasa yadudduka ɗaya bayan ɗaya, fuska a rufe, masu wucewa suna kallo. Ƙarshe ya zaro wani mai kauri, launin madara.

"Baba, ai wannan fari ne."

"Ninki uku ne, baƙin yana tsakiya. Farin zai mayar da zafi waje. Kai dai ɗauko min tef ɗin awo."

Ranar da aka zo ratayawa, direba ya ga aikin da bai taɓa sanin ana yi ba. Baba bai tsaya a girman taga ba. Ya ƙara taƙi biyu a kowane gefe, ya sake labulen har ƙasa. Ya kafa siririn katako a saman sandar, wai ta nan haske ke haurowa ya kwanta a silin. Ya cusa tsumma a ƙasan ƙofa. Hatta 'yar jar fitilar caja sai da ya manne ta da salatif.

"Zauna," ya ce, ya ja labulen. "Kar ka yi magana sai idonka ya huce."

Ƙarfe goma sha ɗaya na rana ne, amma direba ya ɗaga hannunsa gaban hanci bai gan shi ba. Ya ji kafaɗunsa suna sauka, idanunsa da suka yi wata biyu suna yaji suka yi sanyi.

Can sai wani abu ya fara bayyana a bangon da ke fuskantar taga, dishi-dishi, sannan da launinsa. Titin gidansu ne, amma a kife. Wata mata da jar lema tana tafiya ƙafafunta a sama. Mai keke ya wuce ta kusa da silin. Ga bishiyar ƙofar gida tana lilo kanta ƙasa, ganye yana motsi, babu ko sauti. Direba ya manta da kunyar suruki, ya damƙi hannun rigar Baba.

"Baba," ya ce a hankali, "ka shigo da titi cikin ɗaki."

Tsohon bai ko kalli bangon ba. Ya bi siririn zaren haske da yatsa har jikin labule, ya tsaya a kan wata huda da ba ta fi ƙwayar shinkafa ba, wadda ta cikinta hoton titin ke shigowa. Ɗaya daga cikin ƙusoshin da direba ya kafa a jikin taga ce ta huda yadin.

"Don Allah a bar ta haka, Baba. Wallahi ko a talabijin ban taɓa ganin irin wannan ba. Mutum ya yi ta kallo har yamma."

"Har yamma, sannan ka kai wa manaja makullinsa," in ji Baba. "Huda ce. Miƙo min allura ka kwanta."