Jikan Mai Niƙa

A unguwar ba a san ta da wani suna ba sai Mai Niƙa. Tana da sauran ƙuruciya mijinta ya rasu, ya bar mata ɗa ɗaya da injin niƙa a ɗakin da ke bakin ƙofar gida. Dangi suka ce ta sayar, aikin maza ne. Ba ta sayar ba. Ta koyi ɗaura bel, ta koyi kwance haƙoran injin ta kai a wasa, kuma tun daga lokacin ba a ƙara ganin girarta babu gari ba.

Injin ya ciyar da ita, ya raini ɗanta har ya zama direban motar haya, ya kuma cinye mata kunne a hankali. Wannan na ƙarshe ba ta taɓa yarda da shi ba. In aka maimaita mata magana sai ta ce, "Mutanen yanzu ne ba sa buɗe baki."

A gidan ba a magana da baki sai dole, domin daga hantsi zuwa faɗuwar rana bango ma rawa yake yi. In ana son niƙa ya yi laushi, a murza yatsu. In ana son a kashe inji, a kife tafin hannu. In kana son mutum ya juyo, ka dafa kafaɗarsa ko ka buga ƙafa a ƙasa. Da ɗan ya auro wata tela, ba ta daɗe ba ita ma ta iya.

A asibiti tela ta haifi ɗa namiji. Kafin a sallame su, wata nas ta sa masa wani ɗan abu a kunne yana barci, ta daɗe tana duban na'urarta.

"Ban ce ba ya ji ba," in ji nas. "Amma ban samu amsar da nake so ba. Ku dawo da shi nan da 'yan makonni a sake."

Da labari ya iso gida, Mai Niƙa ta ja tsaki. "A sake me? Angon nawa ne za su lalata wa suna tun bai buɗe ido ba? Miƙo shi nan."

Ta kwantar da jaririn a gadonta na ƙarfe, ta ɗauko sifana ta maka wa ƙafar gadon. Yaro ya zabura ya tsala kuka.

"To, ga kurman naku nan yana kai ƙara," in ji ta. Kowa ya yi dariya, har uwar.

Girgizar gadon ce ta zaburar da shi. Amma matar da ta daɗe tana sanin lafiyar inji da tafin ƙafarta ba ta raba ƙara da girgiza. Sau biyu tela ta tada maganar komawa asibiti, mijinta ya ce, "Ai Inna ta duba." Maganar ta mutu.

Sunan Ango ya bi yaron. Ya girma a gindin inji. Kafin ya iya tafiya ya iya kife tafi, ya iya murza yatsu, masu kawo niƙa suna ta mamakin wayonsa. Sa'o'insa suka fara kiran iyayensu, shi ko uffan. Mai Niƙa ta ce ubansa ma da nauyin baki ya taso. Ba wanda ya taɓa kiran yaron daga nesa, saboda a gidan ba a kiran kowa daga nesa.

Ango ya haura shekara biyu da haihuwa sai injin ya tsaya. Makanike ya kwance wani ƙarfe ya tafi nema, gida ya yi tsit kamar an yi rasuwa. Wata safiya Ango na zaune a tsakar gida ya ba da baya, yana jera murafan kwalba. Uwarsa ta kira shi daga kan keken ɗinkinta. Ta sake kira. Sai ta tashi a hankali, ta ɗauki murafan tukunya biyu ta tsaya bayansa ta haɗa su da ƙarfi.

Mai Niƙa na bakin ƙofa. Ita da kunnenta ya lalace ta ji ƙarar can ƙasa-ƙasa. Yaron ya ɗauki wani murfin kwalba ya ɗora a layi.

Washegari da tela ta goya shi za ta asibiti, ta tarar da surukarta a waje ta riga ta sa takalmi.

Ɗakin gwajin ƙarami ne, bangonsa mai laushi, ƙofarsa mai nauyi. Ango ya ƙi yarda a taɓa masa kunne, yana ta fizga. Mai gwajin, wata matashiya mai gilashi, ta ce, "Kaka, ki fara sawa ya gani, ko ya saki jiki." Ta ɗora mata abin ji a kunnuwa, ta ba ta wani ɗan maɓalli. "Duk sanda kika ji ƙara, ki danna."

Mai Niƙa ta gyara zama, babban yatsa a shirye. Ta jira. Ta gaji da jira.

"Yarinya, ki kunna mana, ina da abin yi."

Matashiyar ta zagayo gabanta ta duƙa, ta yi magana a hankali don ta ga bakinta. "Na kunna tun ɗazu, Kaka."

Shi kuwa yaron sai da ya yi barci aka manna masa wayoyi a kai. Sakamakon bai zo da wasa ba. Duka kunnuwan biyu ba sa ɗaukar sai ƙara mai ƙarfi, kuma da alama haka aka haife shi. Za a sa masa na'urar ji, za a koya masa magana, amma zai sha wuya, domin watannin da yaro ke kama magana cikin sauƙi sun tafi. Kuma ba zai zauna kusa da inji da na'ura a kunne ba.

A baranda tela ta juyo ta fuskanci Mai Niƙa. Ba ta taɓa ɗaga wa surukarta murya don faɗa ba sai ranar. "Inna, sun ce mu dawo. Tun yana tsumma suka ce mu dawo."

Mai Niƙa ta dubi bakin, ta gane kowace kalma. Ba ta ba da haƙuri ba, ba ta kuma kare kanta ba. Ta gyara wa yaron hula kawai.

Ɗanta ya kama ɗaki a wata unguwa, suka tashi. Makanike ya dawo, inji ya ci gaba da ihu, yanzu ita kaɗai ce a gidan. Ita ma an ce a sa mata na'ura, ta ce sai ta yi shawara, har yau tana shawarar. Amma duk ranar da ake kai Ango wurin mai koyar da magana, takan rufe ɗakin inji, masu niƙa su yi ta mita, ta je ta zauna a bencin baya.

An daɗe ana zuwa ba labari. Wata rana ta ga yaron ya turo baki, ya buɗe shi, ta ga uwarsa ta dafe ƙirji.

Ta dafa kafaɗar tela. "Me ya ce?"

"Ruwa ya ce, Inna."

"Ya faɗa daidai?"

"A'a. Amma ya faɗa."

Mai Niƙa ta miƙe, gwiwoyinta na ciwo, ta fita neman kofi.