Gawon Kan Iyaka

Da Baba ya rasu aka raba gonarsa ta hanyar Kiyawa tsakanina da ƙanena. Jigawa ce, yashi zalla, sai wani babban gawo da ke tsaye daidai kan iyakarmu. Gawo da damina yake zubar da ganye, da rani kuma dabbobi su kwanta a inuwarsa suna cin 'ya'yansa suna kashi. Shi ya sa geron ƙarƙashinsa yake fin mutum tsawo ko ba a zuba komai ba. Baba yakan ce gawon ne ke ciyar da gonar.

Ƙanena ya ce itacen yana hana tarakta juyawa, kuma shi takin zamani ya ishe shi. Shekara biyu ina ba shi haƙuri.

Wata Asabar da hantsi, ina dawowa daga ajin yaƙi da jahilci, na jiyo sara. Na tarar ya ci rabin gindin da gatari. Na yar da littafina, na jingina bayana da wurin saran.

Ya ce, "Yaya, matsa."

"Sai dai ka haɗa da ni."

"Tsufa ne ya fara taɓa ka? Itace ne fa, ba ubanka ba!"

"Ubanka ne ya raine shi, mara kunya."

Ya juya gatarin ya maka min ƙotar a baki. Haƙora biyu suka zube a yashi. Ni da ban taɓa ɗaga wa kowa hannu ba, na rarumi fartanya na sauke masa a kafaɗa. Na ji ƙarar ƙashi. Muka yi ta birgima cikin kara, na shaƙe shi har idonsa ya firfito, sai da Baffa, ƙanen mahaifinmu, ya zo ya yi ta zabga mana sanda.

Gawon bai ga ƙarshen damina ba, iska ta kayar da shi. A shekara ta uku ƙasar ta gaji, ciyawar ƙuduji ta shanye geronmu duka. Takin zamanin bai hana ba. Ba ma ko gaisawa.

Bara sai ga ƙanena ya shigo gonata da kwandon kashin awaki, ya dire a gabana.

"Yaya, 'ya'yan gawo na ba su suka ci."

Irin ya fi tsirowa in ya bi ta cikin akuya. Muka binne a kan iyaka. Bakwai suka fito, uku suka rayu. Ni na sassaro ƙayar da muka kewaye su da ita, shi yana ja, don har yau hannun nan nasa ba ya ɗaguwa.