Gorar Kaka

Shekarar da na yi kwalekwalen kaina, kakata ta wajen uba ta sa ni gaba. Tun da ruwan Tiga ya cinye garinsu aka taso su, ba ta ƙara ganin wurin ba, ga shi kabarin ɗanta na fari yana can ƙarƙashin ruwa.

Kullum sai ta ce, "Maigidana, tunda ka yi jirgi, kai ni in gai da shi."

Na san wurin sarai, tuƙin awa biyu ne. Ni kuwa ranar muna da ƙwallo a Bagauda, kuma nacinta ya ishe ni. Na ɗauke ta, muka ɗan yi nisa da gaɓa, na hango wani kututture ya leƙo, na ce, "To Kaka, ga tsamiyar ƙofar gidanku."

Idonta ya riga ya yi rauni. Ta shafa kututturen, ta kira sunan yaron, tana addu'a tana kuka, ni ina latsa waya. Sannan ta cika wata gorar roba da ruwan wurin.

Da yamma na ba abokaina labari, muka yi ta dariya, har da ni a kwaikwayon muryarta.

Duk wanda ya zo gaishe ta sai ta nuna masa gorar, ta sa mini albarka. Da ta rasu aka sami gorar ƙarƙashin matashinta, ruwan ya yi kore. Babana ya miƙo mini, ya ce in mayar da shi inda muka ɗebo. Na ce to.

Har yau gorar tana ɗakina. Ban ma tuna wane kututture ba ne.