Na Yi Wa Ɗan Takara Tafinta, Na Rushe Rumfar Aminina

Malam Edita, kafin wani ya riga ni, bari in faɗa da bakina: wawan da ke cikin wannan labari ni ne. Ba kuma a ƙuruciya na yi wautar ba balle a yi mini uzuri. Da furfurata na yi ta, da carbina, da jikoki goma sha ɗaya. Boko a aji huɗu na yi mata sallama, ita ma ba ta riƙe ni ba, don haka in ka ga rubutun ya karkace ka miƙe shi, amma kada ka gyara mini maganar. Gyaran magana ne ya kai ni inda nake yau.

A Agege ta Legas aka haife ni. Mahaifina Bakano ne, fataucin goro ya kawo shi ya zauna, ni kuma na gaji kwandon. Na tashi da baki biyu, Hausa a gida, Yarbanci a titi, har in ina ciniki ta waya sai ka rantse Bayarabe ne. Wannan shi ne duk jarina a siyasa. Shekaru masu yawa ina bin wata jam'iyya da ba zan kira sunanta ba, ta masu cewa gari yana da masu shi, a girmama manya, a tsare tarbiyya, a share 'yan iska daga bakin titi. Maganar tana yi mini daɗi, don ni ma tsoho ne mai son a girmama shi. In suka ce baƙi sun cika gari sun ɓata shi, sai in gyaɗa kai, saboda a tunanina ba da ni ake ba. Da waɗancan ake, 'yan okada da 'yan dako da suka sauko daga bayan tirela jiya. Ni ai ɗan gari ne, kabarin ubana yana nan. Har taya su faɗa nake yi, in ce yaran nan namu ne ke jawo mana zagi.

Aikina a jam'iyyar tafinta ne. Duk ɗan takarar da zai shigo unguwar Hausawa, ni ake miƙa wa lasifika ta biyu. Tun farko ciyaman na mazaɓarmu ya ja ni gefe ya ce mutanena kunnensu daban ne, in oga ya yi magana in riƙa zuba mata ɗan sukari. Na ce wannan ai ƙaramin aiki ne. Abin da ban lura da shi ba sai daga baya shi ne, duk kamfen ana raba anko ga kowa, ni kaɗai ba a taɓa ba ni ko yadi ɗaya ba. Kullum sai a ce in zo da babbar rigata da doguwar hula, a zaunar da ni a layin gaba inda masu hoto suke. Na ɗauka girma ne. Har guga nake sa a yi wa rigar sau biyu.

Ina da amini, Bazazzagi mai sayar da hatsi, rumfarsa tana cikin jerin rumfunan bakin titi kusa da layin dogo. Shekara goma sha biyar muna cin abincin rana a kwano ɗaya a ƙarƙashin rumfar nan. Wasan Kanawa da Zazzagawa kuwa ba ma ɗaga wa juna ƙafa. Yakan kira ni Bakanon Legas wanda bai taɓa ganin Dala ba, ni kuma in ce masa ko shekara ɗari ya yi a nan Yarbancinsa ba zai wuce nawa-ne da kawo-canji ba. Gaskiya ce kuwa, iyakarsa ke nan. Rumfar nan ita ce cin iyalinsa, ita ce makarantar 'ya'yansa shida, ba shi da wani abu a bayanta ko a nan ko a gida.

Ana saura 'yan makonni zaɓe sai jita-jita ta bazu cewa za a kwashe rumfunan. Ana cikin haka ɗan takararmu ya zo taro bayan la'asar, aka kafa tamfol, aka jera kujeru. Ya sa hula irin tamu a karkace, ya ce sannunku da irin bakinsa, aka yi ta tafi kamar ya sauke Alƙur'ani. A gefe ɗaya masu gidajen haya na unguwar ne zaune, waɗanda suka daɗe suna ƙorafin rumfunan sun tare musu gaban gida. A ɗaya gefen mutanenmu. Da aka ba da damar tambaya, aminina ya miƙe, ya gyara rigarsa, ya tambaya cikin ladabi ko da gaske ne za a tashe su. Na mayar da tambayar Yarbanci yadda take. Wannan ce gaskiya ta ƙarshe da ta fito daga bakina a ranar.

Ɗan takara ya juya wajen masu gidaje, ba wajen mai tambaya ba. Ya ce shi ba ya ɓoye-ɓoye, duk abin da ke bakin titi ba takarda sai ya tafi da zarar an rantsar da shi, wanda ya zo garin mutane ya bi dokar masu gari, wanda abin bai yi masa ba ya san hanyar tasha. Masu gidaje suka ɗauki tafi. Ciyaman ya ɗan taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. Na miƙe, na gyara babbar riga, na yi gyaran murya irin ta manya, na ce oga ya ce baƙo da ɗan gida duk ɗaya ne a wurinsa, babu mai taɓa rumfar kowa yana raye, abin da za a yi kawai shara ce da gyaran kwata. Mutanenmu su ma suka ɗauki tafi. Taro ɗaya, jawabi biyu, kowa ya tashi yana murna. Na ji wasu haifaffun nan suna gunaguni daga baya, amma masu kiɗa suka rufe su.

Da na koma gida kafin magariba, maiɗakina, wadda ita ma a nan aka haife ta kuma tana wurin taron a ɓangaren mata, ta aje mini ruwa ta tambaye ni wai kunnena ne ya tsufa ko harshena. Na ce mata ba ta san siyasa ba. Na ce oga dole ya faɗa wa masu gidaje abin da suke son ji, amma mu na ciki mun san ba haka abin yake ba. Ta tambaya wane ne ya gaya mini hakan. Na ce manya ba sa faɗin komai a fili. Gaskiyar ita ce babu wanda ya gaya mini komai. Ni na gaya wa kaina, na kuma yarda, don in ban yarda ba sai in tambayi kaina me nake yi a layin gaba duk shekarun nan.

Washegari muna cin tuwo a rumfa aminina ya aje loma ya ce yana son shawara. Wani ɗan'uwansa ya samo masa gurbi a kasuwar Mile 12, amma sai ya ba da amsa a cikin satin, in ba haka ba a ba wani. Ya ce ba ya son barin nan, ya saba da masu sayensa, sai dai wasu sun ce masa wai ba abin da oga ya faɗa na faɗa ba. Bai ce na yi ƙarya ba. Kallona kawai ya yi, yana jira. Malam Edita, a nan ne Allah ya buɗe mini ƙofa, ni kuma na rufe ta da hannuna. Na ce masa 'yan adawa ne ke yaɗa wannan, ba sa son ganin Bahaushe kusa da gwamnati. Na kama gemuna na ce muddin ina cikin jam'iyyar nan ko ƙusa ɗaya ba za a zare daga rumfarsa ba. Har da tsokana na haɗa, na ce Bazazzagi da tsoro sai Allah. Ya yi dariya, ya ce tunda ni na faɗa shi ke nan. Ya mayar wa ɗan'uwan nasa da amsa cewa a ba wani. Ya kuma cika rumfar da sabuwar masara da wake. Ranar zaɓe shi da matarsa suka sha rana a layi suka dangwala wa mutumina.

Muka ci zaɓe. Na yi rawa a titi, ni da ban taɓa rawa a bikin 'ya'yana ba. Bayan 'yan watanni, da damina, wata safiya ina kwance ganyen goro aka zo aka ce katafila tana layin dogo. Ban san ina da sauran gudu ba sai ranar. Ko da na isa an gama da rabin rumfunan. Rumfar aminina ta zama tarin kwano da katako, buhuna sun fashe, masara da wake sun cakuɗe da taɓo, ga yayyafi ana yi. Na hango shi tsugune yana tara abin da zai taru a cikin rigarsa. Ban iya ƙarasawa ba. Na juya na ce wa kaina zuwa ofis ya fi tsayuwa amfani.

Na je gida na zura babbar rigar nan, na nufi ofishin jam'iyya. Aka zaunar da ni a benci tun hantsi har aka yi la'asar. Da ciyaman ya fito, mutumin da shekara da shekaru Baba yake ce mini kuma da Yarbanci muke hira, sai ya dube ni ya yi mini buroka, Turancin kan titi, ya ce aboki me ake ciki. Wanda ya zauna Legas ya san irin abokin da ake nufi, kiran raini ne ga Bahaushen da ba a san sunansa ba. Na daure na gaya masa abin da ya kawo ni. Ya buɗe hannu ya ce oga bai yaudari kowa ba, a gaban jama'a ya faɗa da lasifika, in mutanena ba su ji ba sai su tambayi tafintansu. Yana shiga mota ya leƙo ya ce ranar Asabar akwai taron godiya, in zo da wuri, kada in manta da rigar. Ka san abin da na ce? Na ce to. Bakina ne ya faɗa kafin in ankara, ya riga ya saba.

Ban je taron ba, amma kada a yabe ni, kunya ce ta hana ni ba zuciya ba. Tun daga ranar zama ya gagare ni. In na zauna wurin goro sai in miƙe, in na shiga gida sai in fito. Na canza hanyar masallaci don kada in bi ta filin da rumfunan suke a da. Katin jam'iyya har yau yana aljihuna, na ciro shi ya fi sau ashirin zan yar a kwata, sai in mayar. Maiɗakina ba ta ce mini ai na gaya maka ba, kuma da ta faɗa da ya fi mini sauƙi.

Ga abin da na koya, in tsohon da ya tsaya aji huɗu yana da abin koyarwa. Ban ce kowa ya bar jam'iyyarsa ba, ɗaya ɓangaren ma ba mala'iku ba ne, na san tafintansu, tare muke sallah. Amma ku 'yan'uwana da ke zaune a garin da ba ku da yawa, in kuka ji mutum yana zagin baƙi ya kuma dafa kafaɗarku ya ce ban da ku, ku dubi inda ya zaunar da ku da irin kayan da ya ce ku sa. In ana magana da yaren da ba ku ji, ku tambayi mutum biyu, kuma kada ɗayansu ya zama mai kujera a layin gaba. Ku kuma masu baki biyu irina, ku ji tsoron Allah. Ɗan siyasa zai faɗi tasa ya shiga mota, ku ne za ku kwana ku tashi a unguwa ɗaya da wanda kuka faɗa wa.

Sai da na yi wata guda kafin na iya neman aminina. An ce ya mayar da iyalinsa Zariya, shi kuma yana unguwar Ketu yana auna wake a baro a bakin hanya. Na hau danfo, bas ɗin haya, duk tsawon hanya ina shirya jawabi, ni da shirya jawabi ne sana'ata. Na same shi ya rame, ya ɗaura tsumma a ka saboda rana. Na yi sallama ya amsa, ya tura mini wani bokiti na zauna. Bai kira ni Bakanon Legas ba, Alhaji ya ce mini. Na fara. Na ce siyasa ba ta da amana, na ce mutanen nan sun nuna mini iyakata, na ba shi labarin benci da buroka. Yana ji yana auna wa wata mata mudu biyu. Na rufe da cewa ya yi haƙuri, ni da shi duk jirgi ɗaya ya kwaso mu, tare aka cuce mu.

Ya ɗaure wa matar ledarta, ya miƙa mata, ya kakkaɓe hannunsa. Sannan ya dube ni ya ce, “Alhaji, ni uzurina ban ji yaren ba. Kai mene ne naka?”