Tukunyar Irin Baba Arzika

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Da hantsin ranar Talata, 13 ga Mayu, 2025, ina cikin aji a Bagudo, Abdulganiyu ya kira ni a waya ya ce mahaifinsa, Baba Arzika na Tungar Albashir, ya cika bayan zazzaɓin kwana huɗu. Kafin in sami babur in kai bakin kogi, in jira jirgin fito, har an kai shi makwancinsa. Ban sami sallarka ba, Baba, kuma ba wannan ce makarar da ta fi yi mini ciwo ba.

Wanda bai taɓa cin kasuwar Tungar Albashir ba, ba zai san girman abin da muka rasa ba. Kasuwa ce ta manoma zalla, tana ci ranar Lahadi a gaɓar Kwara, kusa da iyakar Benin. Babu dillali a cikinta. Wanda ya noma shi ke zama a bayan kayansa: mai albasa, mai kuɓewa, mai rogo, Dandawa da bandar kifi daga ƙetare, Fulani da nono da man shanu. A ƙarshen layi, ƙarƙashin wata tsohuwar ɗorawa, nan kake shimfiɗa tabarmarka da jar shinkafarka, matarka Inna Asama'u kuma ta ɗora tukunya a gefe tana dafa irin wadda kake sayarwa.

Shekara goma sha tara ke nan da na fara tsayawa a gabanka, ina sabon malami mai ji da kansa. Na ce a auna mini mudu biyu, ina sauri. Ko kwanon awon ba ka duba ba. Ka ce, "Zamna, ɗan boko. Ba ni saida ma wanda bai ɗanɗana ba." Na zauna ina ƙunƙuni. Inna ta zubo mini a akushi da miyar busasshen kifi da ɗan man shanu. Ban san lokacin da jirgin da nake sauri dominsa ya tashi ya bar ni ba. Tun daga ranar, Lahadin da ban zo ba sai dai in ciwo ne ya kayar da ni.

Mutum ne kai mai taurin kai, gara in faɗa tunda kai ma ba ka ɓoye ba. Ba ka yarda da takin zamani ba, ba ka yarda da injin casa ba, sai turmi. Har tsufa ya kama ka da shanu kake huɗa. Samari suna yi maka dariya, suna cewa Baba Arzika ya tsaya a zamanin kakansa, kai kuma ka ce ai kakan naka bai taɓa kwana da yunwa ba. Amma duk mai dariyar nan ya ci daga tukunyar Inna. Na sha ganin ka hango manomin da kayansa suka yi kwantai yana naɗe buhu da yamma, ka kira shi da sunan ubansa, ka ce ya zo ya taya ka duba ko gishiri ya ji. Haka kake ciyar da mutum ba tare da ya ji kunya ba.

Shinkafar nan ita ce rayuwarka. Ka gaje ta wurin mahaifinka, ja ce, gajeriyar ƙwaya, mai ƙamshi tun tana kan wuta. Da, kowane gida a fadamar yana da ita. Da sabon iri ya zo mai nuna da wuri, kowa ya koma can, aka bar ka kai kaɗai, har mutane suka manta sunanta na asali suka riƙa kiranta Jar Arzika.

Sai ambaliyar bara. Cikin kwana biyu ruwa ya shanye gonar, ko zangarniya ɗaya ba ka yanka ba. Abin da ya rage a duniya na wannan iri shi ne tukunyar ƙasa guda da ka liƙe bakinta da laka a ɗakin ajiya. Kun sha wuya a ranin nan. Na ga yadda ka rame, na ga Inna tana dafa farar shinkafar kanti a kasuwa tana sunkuyar da kai in an tambaye ta ina ja. Na taɓa ce maka ka buɗe tukunyar ku ɗan taɓa. Ka dube ni kamar na zagi iyayenka, ka ce, "Malam Haliru, iri ba abinci ba na."

A watan Maris ka kira ni gefe. Ka ce in zo gida in ɗebi mudu biyu in ajiye a Bagudo, don kada irin ya zauna wuri ɗaya, gobara ko ɓera su gama da shi. Na ce to, Lahadi mai zuwa. Lahadi ta zo, na ce ban zo da buhu ba. Wata ta zo, na ce jarrabawar yara ta riƙe ni. Sau uku kana tuna mini, ba ka ƙara na huɗu ba, domin kai ba mai naci ba ne. Lalaci ne kawai, Baba, ba ni da wani uzuri.

Ranar sadakar uku jama'a ta yi yawa fiye da yadda kowa ya zata. Duk wanda ya taɓa ci a ƙarƙashin ɗorawar nan ya zo, daga Zagga, daga Kamba, daga ƙetaren iyaka. Inna tana cikin ɗaki tana takaba, Abdulganiyu yana waje yana karɓar gaisuwa. Girki ya koma hannun 'yan'uwanka mata da suka zo daga Benin, waɗanda ba su san gidan ba. Abinci ya ƙare, baƙi suna zaune, su kuma suka ga abin kunya ne a ce an tashi da yunwa daga gidan Arzika. Suka shiga ɗakin ajiya, suka ga tukunya a liƙe, suka fasa lakar, suka casa, suka dafa.

Aka kawo mana a faranti. Loma ɗaya na gane ta. Wallahi daɗi na ji, har na ce wa na kusa da ni, ga Jar Arzika ta zo yi masa bankwana. Na cinye, na miƙa faranti aka ƙaro mini. Ina cikin wanke hannu na tuna cewa bara ba a yi girbi ba.

Na ruga bayan gida. Tukunyar tana kife, kaji sun riga ni zuwa wurin turmi. Na tsuguna na tona ƙaiƙayin da hannuna, ban sami ƙwaya ɗaya mai rai ba. Da na je gaida Inna ta bayan labule na kasa faɗa, ashe ƙamshin ya riga ya kai mata labari. Ta ce, "Malam Haliru, baƙi sun ƙoshi?" Na ce sun ƙoshi, Inna. Ta ce, "To, madalla. Kada a yi ma matan nan hwaɗa, ba su sani ba."

Mako uku ke nan ina yawon kasuwanni da tambaya, har cikin Benin. Tsofaffi sun tuna ta, amma babu mai ita. Ruwan shuka ya sauka shekaranjiya. Abdulganiyu ya ɗaure shanu ya yi huɗar gonarka kamar yadda ka koya masa, ya dawo ya zauna a ƙofar gida.

Allah Ya jiƙan ka, Baba Arzika, Ya yalwata kabarinka, Ya sa abincin da ka ciyar da bayinSa ya tsaya maka ranar da babu mai tsaya wa wani. Allah Ya ba Inna Asama'u da Abdulganiyu da dukan dangi na nan da na ƙetare haƙurin wannan rashi, Ya kuma saka wa matan da suka yi girki da alheri, domin mutuncin gidanka suka tsare. Jama'ar Tungar Albashir, ina yi muku ta'aziyya. In kun ɗaga hannu kuna yi masa addu'a, ni ma ku roƙa mini gafara, domin ni aka ba amanar, kuma ni ne na nemi ƙari.